Dokar Hana Kuka a Gidan Aldercott

Kwana goma sha biyu bayan Dorcas ta haihu aka aiko kiranta daga babban gida. Ba ita kaɗai ba, duk wata mai jego da ke zaune a ƙasar Maigirma Humphrey Aldercott an ce ta hallara. Bayan 'ya'ya mata huɗu Allah ya ba Maigirma namiji, kuma a gidajen sarautar Ingila in babu namiji, gida da gonaki da suna duk sai su koma hannun wani ɗan baffa. To ga yaro ya zo, saura abin da zai sha.

Uwarsa na da nono, har yana jiƙa mata riga. Amma matan manya ba sa shayarwa. Tun rana ta biyu aka ɗaure wa Uwargida Lettice ƙirji da ƙyalle tamau, don Maigirma ya ce magaji ɗaya bai isa ba sai an yi masa na ajiya, shayarwa kuwa tana jinkirta ciki.

Su biyar aka jera a ɗakin girki. Likita Fenwick ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana leƙa musu baki kamar mai cinikin doki. Ta farko jan gashi gare ta, ya ce yaro zai tashi mafaɗaci. Ta biyu idonta ɗaya ya ɗan karkace, ya ce ba a shirya samun magaji mai harara-garke ba. Da ya iso kan Dorcas ya sa ta tatso ɗigo ɗaya a kan farcen babban yatsansa, ya karkata hannu yana kallo. Ɗigon bai zube ba, bai kuma daskare ba.

“Wannan ce,” in ji shi.

Grissel, dattijuwar da ke riƙe da makullan gidan, ta dafa mata kafaɗa. “Ke, kin yi goshi. Daga yau kaza za ki ci har ki gaji. Miƙa wannan ɗin a mayar gida.”

Dorcas ta ƙara rungume jaririyarta. “Inna, Avis fa me za ta sha?”

“Abin da 'ya'yan mutane ke sha. Burodi da ruwa bai taɓa ƙarewa a duniya ba.”

“Ai biyu ne da ni, Inna. Shi ɗaya, ita ɗaya. Wallahi yana isa, har zuba yake yi.”

Likita ya yi dariya har gashin aron da ke kansa ya goce. “Ku ji mini! Magajin Aldercott da 'yar makiyayi a akushi ɗaya. Yarinya, nono jini ne da ya yi fari. Duk abin da ke jikin mai shayarwa da abin da ke ranta, cikinsa yake zuba. Ba a raba shi, ba a gurɓata shi.”

Dorcas ta buɗe baki za ta ƙara magana, Grissel ta tare ta a hankali. “Bukkar da kuke kwana ke da Barnaby, ta wa ce? Tumakin da yake kiwo fa?”

Dole Dorcas ta miƙa jaririyar. Barnaby, mijinta, ya karɓi Avis a ƙofar baya ya cusa ta cikin rigarsa ta ulu, don ruwan sama ake yi mai sanyi. Ya ce gwaggonsa Sibyl za ta kula da ita. Gwaggo Sibyl mutuniyar kirki ce, sai dai ta ba saba'in baya, kuma sai ta laluba take gane ƙofa.

Aka hau da Dorcas bene, aka yi mata wanka, aka ƙone tsofaffin kayanta, Grissel ta karanta mata dokoki tana lanƙwasa yatsu. Ba albasa, ba tafarnuwa. Ba zuwa wurin miji. Ba fushi, ba tsoro, ba dogon tunani. Kuka kuwa ko da wasa, don hawaye na tsinka nono ya zama guba. Ran Lahadi in an taso coci za a bar ta ta je ta ga 'yarta.

Yaron ba shi da laifi, wannan Dorcas ta sani tun ranar farko. An nannaɗe shi da ƙyalle tun daga wuya har ƙafa kamar ƙunshin kyandir, fuskar kawai ake gani. Ya kama nono da ƙarfinsa, yana sha yana gurnani. Yana shan na dama na hagu na zuba a banza, tana tare shi da tsumma, ta matse tsumman a tasa, a zubar ta taga.

Lahadin farko aka ce ana yayyafi, kada mai shayarwa ta kwaso mura. Lahadi ta biyu baƙi suka zo daga London ganin magaji, aka sa wa Dorcas farar hula aka zaunar da ita a tsakiyar falo, matan manya suna zagaya ta suna yaba ƙibar yaron, wata har da latsa mata ƙirji da kan mafici ta ce lallai Humphrey ya iya zaɓe. Lahadi ta uku Grissel ta ce an yi mata alfarma. Ba za ta shiga ƙauye ba, don iskar can ba ta da kyau, amma Barnaby zai kawo yarinyar bakin ƙofar ƙarfe ta bayan lambu ta gan ta. Gani kawai, ban da taɓawa.

Da Barnaby ya buɗe bargon, Dorcas ta riƙe ƙarfen ƙofar da hannu biyu. Ta bar 'ya mai kumatu, ga shi an kawo mata fuskar tsohuwa. Leɓen ya bushe ya tsattsage, cikin bakin fari fat da ƙuraje. Maɗigarta ta faɗa ciki. Duk wadda ta taɓa goyo ta san abin da wannan ke nufi.

“Tana jiƙa tsumma kuwa?” ta tambaya.

“Jiya sau ɗaya.”

“Me kuke ba ta?”

Ya zaro ƙahon saniya daga aljihu, an huda tsininsa an cusa ƙyalle. “Burodi a jiƙe. Gwaggo na ɗura mata, tana dawowa da shi. Na gwada na tunkiya, gudawa ya sa ta.”

Avis ta yi wani ɗan kuka siriri kamar na kyanwa. Nan take gaban rigar Dorcas ya jiƙe sharkaf. Ta fara kwance igiyar rigar, Grissel ta riƙe mata hannu.

“Ashe ba ki da hankali? Bakin nan mai ƙuraje za ki sa wa abincin magaji?”

Barnaby mutum ne marar magana, amma ranar ya yi. “Inna, shekarata tara ina kiwon tumakin Maigirma. Shi da bakinsa ya kafa doka, duk makiyayin da ya raba tunkiya da ɗanta kafin wata uku, bulala goma. Bara an yi mini.”

“Ai tumaki tsada gare su,” in ji Grissel, ta ja Dorcas suka koma ciki.

Dorcas ta yi kuka a matakala, ta yi a ɗaki, ta yi yaron na sha. Washegari kashin magaji ya fito kore-kore. Kafin hantsi gidan ya ruɗe. Likita ya ɗauki tsumman a faranti na azurfa ya kai wa Maigirma, aka aika a zo da mai laifi.

Maigirma na zaune gaban murhu, ƙafarsa ta dama da ciwon gaɓɓai ya kumbura tana bisa matashi, karnukan farautarsa biyu na kwance a gefe. Bai yi mata tsawa ba, Likita ya gargaɗe shi cewa tsoro ma na ɓata nono. Sai ya yi murmushi, abin da bai saba ba, fuskar ta yi kamar an matsa masa ƙafar.

“Ke, wa take da suna? Dorcas. Me kika rasa a gidan nan? Kazar ce ba ta yi miki ba? A sauya mata da agwagwa.”

Ta durƙusa. “Ranka ya daɗe, 'yata ce ba lafiya. Yunwa za ta kashe ta. In an bar ni in ba ta sau biyu a rana, ko sau ɗaya ne, ba zan rage wa ɗanka komai ba.”

“Mace ce ko namiji?”

“Mace, ranka ya daɗe.”

“To!” Ya buɗe hannuwa yana duban Likita. “Ni da nake da huɗu, kin ga ina kuka? Ga Honor, ga Philippa, ga… ita mai bi mata ɗin nan, mai tari.”

“Arabella, ranka ya daɗe,” in ji Grissel.

“Ita. Duk ƙauye aka kai su raino, ban sake ganinsu ba sai da suka iya gaisuwa. Ke yarinya ce, za ki haifi wasu. Ni kuwa shekarata hamsin da shida, wannan ɗaya nake da shi. In ya mutu, ɗan baffana zai shigo gidan nan ya sare itatuwan kakana, ya kori rabinku. Kin ga ke nan don ku nake yi.”

Aka yi shawara a gabanta kamar ba ta wurin. Likita ya ce tushen cutar labari ne, a toshe labari. Maigirma ya ce a hana Barnaby matsowa kusa da lambu, a kuma nemo mai goge ya riƙa yi mata kiɗa kullum bayan abincin rana har sai ta yi dariya. Ya ji daɗin wannan dabara tasa ƙwarai, har ya sa aka ƙara masa giya.

Haka aka yi. Kullum wani dogon mutum mai jan hanci ya zo ya tsaya bakin ƙofa yana goga waƙoƙin rawar girbi, Grissel na tsaye tana duban bakin Dorcas. In ba ta yi dariya ba a sake wata waƙar. Ta koyi yage baki don a sallame shi.

Uwargida Lettice takan shigo da la'asar ta zauna ta kalli ɗanta yana sha a ƙirjin wata. Ba ta cika magana ba. Ran nan da suka rage su biyu, Dorcas ta durƙusa a gabanta da yaron a hannu.

“Ranki ya daɗe, ke uwa ce. Ki sa baki.”

Uwargida ta daɗe tana murza zoben hannunta. “Shida na haifa kafin wannan, ba huɗu ba. Biyu a wurin raino suka rasu. Ta biyun sai da aka yi wata da binne ta aka gaya mini, wai kada cikin da nake ɗauke da shi ya taɓu.” Ta share ido da sauri ta dubi ƙofa. “Kin ga ni ma haƙuri na yi. Haka abin yake, Dorcas. In na yi magana zai ce ina so ɗansa ya mutu. Zan sa ta a addu'a.”

Washegari ta aiko da wata 'yar hular jarirai mai ado da zaren siliki, a kai wa Avis.

Dorcas ta ga addu'a da hula ba za su shiga cikin yarinya ba. Ta sami wani ɗan kofin kwano ta ɓoye. In yaron na shan ɗaya, sai ta tara ɗayan a kofin maimakon tsumma. Ta shirya da mai wankin gidan, wadda ke bi ta ƙofar bukkarsu kullum da yamma. Kwana biyu kofin na fita a ƙarƙashin kayan wanki. Ran na uku Grissel ta ɗaga zanen gado ta gan shi.

“Sata! A gidan da aka ɗauke ki aka tufatar da ke!”

“Inna, wanda ake zubarwa ta taga ne. Nawa ne, daga jikina ya fito.”

“Naki? Da kika zo gidan nan me ke jikinki ban da ƙashi? Kajin wa kika ci? Madarar wa, burodin wa? Kajin Maigirma ne suka zama nonon nan. Ko zubarwa za a yi, shi ke da ikon zubar da abinsa.”

Ba a zubar ba. Likita ya karɓi kofin ya shinshina, ya ce ai babu maganin kumburin gaɓɓai kamar nonon mace. Aka jiƙa ƙyalle da shi aka naɗa wa Maigirma a babban yatsan ƙafa. Ya ce ya ji sanyi-sanyi, a riƙa kawo masa kullum. Mai wanki kuwa aka kore ta.

Daga nan sai gidan ya cika da fara'a. Duk wanda Dorcas ta tambaya, amsa ɗaya ce har kalmomin: Avis ta warke, ta yi ɓul-ɓul. Mai shara ta faɗa, mai kawo itace ya faɗa, mai goge ma ya faɗa, shi da bai taɓa ganin yarinyar ba. Ran Alhamis da safe mai girki, matar da ba ta taɓa amsa mata gaisuwa ba, ta hau bene da kanta ta kawo mata burodi da zuma, ta ajiye ta juya ba ta yarda sun haɗa ido ba.

Dorcas ba ta taɓa zumar ba. Ta ba yaron ya sha har ya saki da kansa, ta sa shi ya yi gyatsa, ta sauya masa tsumma, ta kwantar da shi. Sannan ta sauka ta babbar matakala, ta bi ta ƙofar gaba wadda barori ba sa bi, don ta san ta baya a kulle take. Mai tsaron ƙofa ya ga farar hula ya ɗauka aike ne. Da ta wuce itatuwan bakin hanya ta tattare riga ta sa gudu cikin taɓo.

Ta tarar da Avis da rai. Tana kwance cikin kwandon ulu kusa da murhu, hular silikin ta yi mata yawa ta rufe ido ɗaya. Ba ta kuka.

“Ai ta yi sauƙi,” in ji Gwaggo Sibyl tana laluben fuskar Dorcas. “Kwana uku ke nan ba ta tashe ni ba. Allah ya saka wa Likita, shi ya aiko da wannan, ya ce ɗigo biyar safe da yamma.”

Dorcas ta shinshina kwalbar. Ruwan barci ne, irin wanda ake ba mai ciwon haƙori. Ta wurga ta cikin wuta.

Ta zauna a ƙasa ta sa yarinyar a nono. Bakin ya taɓa, bai kama ba. Ta shafa mata kumatu, ta murza tafin ƙafa, ta hura mata fuska. Ta tatsa a yatsa ta ɗiga mata a harshe, ɗigo ya tsaya a bakin, ya gangaro ta gefe. Ta sake. Barnaby ya baro tumaki ya zo ya durƙusa yana riƙe da kan. Wuni guda suna haka, wani ɗigon ya wuce, wani ya dawo. Ga nono har ya yi mata dutse a ƙirji, ga mai shi a hannu, amma an makara. Washegari da hantsi Avis ta ja numfashi ɗaya mai tsawo, ba ta sake ja ba.

Rana ta take tsaka, Dorcas na zaune inda take da gawar a cinya, sai ga ƙarar keken doki a ƙofar bukka, abin da ba a taɓa gani ba a layin. Tun kafin a buɗe ake jin tsanyarar jariri. Grissel ta shigo da shi a hannu, Likita na biye yana toshe hanci da ƙyalle.

“Kin kyauta!” in ji Grissel. “Tun jiya bai sa komai a ciki ba. An kawo mai jan gashin ya ƙi, an kawo ɗayar ya ƙi. Muryarsa har ta dushe. Maigirma bai ci abincin safe ba saboda ke.”

Sai ta ga abin da ke cinyar Dorcas. Ta gyara murya.

“Allah ya ji ƙanta. Dama can ba mai ƙwari ba ce, tun ranar farko na gani.”

“Irin waɗannan ko an shayar da su ba sa tsayawa,” in ji Likita. “Jinin ne.”

“To ga saƙon Maigirma,” Grissel ta ci gaba. “Ya ce ya yafe miki gudun da kika yi, bukka kuma tana nan a hannunku. In ma abin ya zo da ƙarar kwana, ya ce a ba ku katako daga rumbunsa, mai kyau, kyauta. Samun maigida irin wannan sai an tona. Tashi ki karɓi yaro.”

Barnaby ya miƙe tsaye a fusace. Dorcas ta ce masa, “Zauna.” Ta dubi yaron. Fuskar ta yi ja ta koma shuɗi-shuɗi, leɓen ya fara bushewa, yana juya kai yana neman ta, don ya ji ƙanshinta. Wata biyu bai cika ba. Bai aiki kowa ba, bai hana kowa komai ba.

Ta miƙa wa Barnaby Avis a hankali, ta gyara mata bargo. Ta karɓi yaron ta kwance riga. Ya kama da haɗama yana sheshsheka, ɗakin ya yi tsit sai ƙarar haɗiyarsa. A nan ne kukan da ta riƙe tun safe ya ƙwace mata. Ba ta yi ihu ba, hawayen ne kawai ke zuba, suna bin haɓarta suna sauka a ƙirji, har kan goshin yaron.

Likita ya zabura. “Kai, kai! Ku cire shi! Ke, share fuskarki tukuna, ki yi tunanin wani abu mai daɗi. Grissel, ina mai gogen?”

Grissel ta miƙo hannu za ta ɗauke shi, yaron ya ƙanƙame ya ƙi saki. Dorcas ta kare shi da gwiwar hannu.

“Kada ki taɓa shi, Inna, yunwa yake ji.”

“Baƙin ciki kike ɗura wa magajin Aldercott!” in ji Likita.

“Shi nake da shi yau,” in ji Dorcas. “Ku bar shi ya sha. A samu ko mutum ɗaya a gidanku da ya san ɗanɗanonsa.”

Babu wanda ya sake matsowa. Yaron ya shanye na dama, ta juya shi zuwa na hagu.